Ni da Kura a Ƙofar Sito

'Yan dako sun tafi cin abinci, mota ta sauke jarkokin manja a ƙofar sitonmu da ke Kasuwar Singa, ga Alhaji sai kira yake a waya. Ni akawu ne, sana'ata biro da rasit. Na jawo kurar nan ta katako mai ƙananan tayoyi huɗu, na jera mata jarka shida, kowace lita 25, kaya sama da kilo 130, ko igiya babu.

Ashe tayoyin nan duk juyawa suke yi, kowace da alƙiblarta. Kurar ba ta da mariƙi, ba ta da birki, ƙofar sito kuma gangara ce. Ina turawa ta kama hanyarta. Sai na ɗora ƙafar dama a kanta don in tsayar da ita.

Jama'a, ƙafar dama ta bi kura, ta hagu ta ce tana nan inda take. Ina ji ina gani suna nisa da juna a hankali, kamar dangin da suka yi faɗan gado. Na miƙa hannu, na cafki jarkar sama, ita ma ashe neman abokin tafiya take. Sai na ji "ɓaraaat!" Wandon sabuwar shaddata ne. Har yanzu in na rufe ido, wannan ƙarar nake fara ji, kafin "tim" ɗin zamana, kafin murfin jarka ya yi tsalle, manja ya biyo gangara ya same ni inda nake zaune, da ɗuminsa.

Duk wannan Baba maigadi na kan benci, rediyo a kunne, goro a baki.

"Taka birki, Malam!"

"Baba, ba ta da birki!"

"To, sha gabanta!"

Lokacin kura ta riga ta isa cikin sito, ta yi sallama da katan-katan na taliya. Baba ya taso a natse, ya zagaya ni, ya duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Malam Akawu, ka yi bismilla kuwa?"

"Na yi, Baba."

"To, ita ce ba ta yi ba." Ya ƙara leƙa ƙasa. "Wannan da ya zube, a kawo kwano ne ko ka riga ka rubuta shi?"