Jama'ar Gaban Kyamara A Bukin Takieta

Da, in za a ɗaura aure a Takieta, goro da dabino ake fara nema, sai liman, sai waliyyi da wakili. Yanzu kafin a sa rana sai an ji ta bakin mai bidiyo. In ya ce an riga an kama shi a Tirmini ran Asabar ɗin, to ranar ce za ta gusa, ba shi ba. Laifin hanya ne. Kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta nan take bi zuwa Damagaram, tafiyar wajen kilomita 50, a nan kuma hanyar Matamaye ta ɓalle ta nufi Ɗan Barto da Daura da Kano. Duk abin da ake yayi a Kano, ɗinki ne ko rawa, sai ya sha ruwa a mararrabarmu kafin ya ƙarasa birnin Damagaram. Haka bidiyon soyayya ya sauka, da saukarsa kuwa sai ga wasu irin mutane sun ɓullo waɗanda ba mu san muna tare da su ba.

Shi kansa mai bidiyon yaro ne da gemunsa bai gama haɗuwa ba, da 'yar riga mai aljihu takwas. Amma ran buki ko mai gari bai kai shi iko ba. Alhajin da ba a iya tayar da shi daga kan buzunsa sai an yi shawara, yaron nan da yatsa ɗaya zai matsar da shi. Ba ya zuwa da wuri, saboda haka sau da yawa sai an shafa fatiha zai diro daga kan kabu-kabu yana haki.

"Baba, don Allah a sake miƙa sadakin, ban ɗauka ba."

Sai ka ga dattijo ya zaro kuɗin da ya riga ya cusa a aljihu, ya mayar wa wakilin ango, a sake miƙo masa, wannan karon da murmushi. Wani tsoho a gefe yana tambayar na kusa da shi ko yanzu igiya shida aka ɗaura. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yuli, yaron ya ƙara kuɗin aiki, wai na man janareta ne. Wuta ta dawo, kuɗin bai koma ba. In ka tambaye shi yaushe aiki zai fito, gobe in sha Allahu. Akwai gidan da bidiyon aure ya iso ana shirin yanka ragon suna.

Amma in ya fito, sai ka yafe masa. Katangar laka ta ɓace, akuyar da ta wuni tana cin igiyar rumfa ta ɓace, ga ango da amarya tsaye gaban dogon benen Dubai, furanni na zubo musu daga sama, suna tafiya a hankali a hankali har ka ƙagu su iso. Duk aikin CapCut ne. Ya haska fatar amarya har uwar miji ta kalli bidiyon ta ce, "Wannan wace ce kusa da ɗana?"

Angwaye iri biyu ne. Akwai mai kunya, wanda ya tashi ya tarar ango ɓuya yake yi a ɗakin abokinsa har a gama hidima. Yau an tsayar da shi gaban surukai an ce ya kalli cikin idon amarya ya yi murmushi. Sai ya ƙame kamar mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, gumi na bin wuyan shadda, idonsa na kan takalmin kawunta. An ce ya dafa kafaɗarta, ya ɗora yatsa biyu yana istigfari a ciki.

Na biyun shi ne wanda fim ɗin Indiya ya dafa. Tun saura mako guda ya tsara komai: za a je gandun dajin Takieta da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi laushi, zai durƙusa da gwiwa ɗaya ya miƙa zobe. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ƙarangiya. Gwiwa na taɓa ƙasa ya zabura, fuskar soyayya ta koma ta mai ciwon haƙori. Mai bidiyo ya ce a sake. Aka sake. Kafin a samu wadda ta yi kyau, gezna ta kuɗi masu yawa ta cika da ƙaya tun daga ƙafar wando har gefen babbar riga, abokai uku sun tsuguna suna tsinta, wani makiyayi ya saƙale sanda a wuya ya tsaya kallo, shanunsa ma sun tsaya. Da ya gaji ya ce da abokin ango, "Wani abu ya ɓace muku ne, in taya ku nema?"

Ita kuwa amarya tsakanin hukuma biyu take. Mai kwalliya, wadda aka ɗauko takanas daga Damagaram, ta manna mata gashin ido, ta shafe ta da hoda hawa uku, ta kafa doka: ba kuka. Gwaggo kuma, wadda ta ga auren uwar amaryar da idonta, ta ce ba a taɓa fitar da 'ya daga gidan nan da busasshen ido ba, so ake a ce ɗokin tafiya take?

"Ke, yi kuka mana, mutane na kallo."

"Gwaggo, kwalliyar jika goma sha biyar ce fa."

A ƙarshe sulhu ake yi. Amarya ta ja mayafi, ta riƙa girgiza kafaɗa tana shessheƙa, mai kwalliya na tsaye da auduga tana tsaron bakin ido kada ɗigo ya tsallake. Wadda kuka na gaskiya ya ƙwace mata kuwa, lokacin da mahaifinta ya fara nasiha muryarsa ta karye, wannan ba ruwanta da jika goma sha biyar. Galibi wurin nan ne mai bidiyo ke yankewa, wai fuska ta ɓaci. A ganina shi ne kaɗai wurin da ya cancanci a ajiye.

Babbar ƙawa ba ta da wannan damuwa. Ita ta zaɓi ankon, ta kuma tabbatar nata ɗinkin ya fi na kowa zama. Ko ina kyamara ta juya tana nan, tana gyara wa amarya ɗankwalin da bai karkace ba. Wajen sayen baki ita ce mai tsada, ita ce mai dariya. Kada ka ga laifinta: ta san bidiyon zai zaga wayoyin samari har Agadas.

Sai mai liƙi, gwanin lissafi. Takarda mafi ƙanƙanta a kuɗinmu ita ce ta sefa 500, ba ta liƙuwa da yawa sai aljihu ya koka. Don haka tun jajibiri ya je wurin 'yan canji ya mayar da jika biyar naira, 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, ya samo dami guda da ƙyar hannu ke riƙewa. Ba ya shiga fili sai fitilar kyamara ta haska. Sannan ya taho yana gyara hula, yana zare takarda ɗaya-ɗaya daga sama yadda kowace za ta fito. Kyamara na kau da kai hannun ya tsaya cak. Maroƙi dai ba a yi masa wannan wayon. Ya san canjin yau fiye da mai shago, kuma daidai kuɗinka daidai kirarinka: mai sefa a kai shi har kakansa na bakwai, mai naira hamsin a ce Allah ya ƙara arziki a wuce.

Waƙar da za a ɗora ma da tata rigimar. Amarya na son Umar M. Shareef, ƙawaye na son Ado Gwanja, ango ya nace sai Jarumar Hamisu Breaker, wadda tun 2020 ba ta bar gidajen buki sun huta ba, uwar amarya kuma ta ce ina laifin Fati Nijar, tamu ta Maraɗi. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son a ambaci sunansa yadda Ali Jita ke yi wa manya, sai ya nufi wani ɗan situdiyo a birni. Waƙa ɗaya gare shi, suna kawai yake canzawa. Ran da ya manta bai goge sunan amaryar makon jiya daga amshi ba, sai da aka kwana ana ba da haƙuri.

Akwai tsohuwa mai gudun hoto. "Kai ɗan nan, kada ka ɗauke ni," tana rufe rabin fuska da gyale, amma ba ta tashi daga tsakiyar fili ba, kuma sabon zane ta ɗauro. Ran da aka kawo bidiyo ita ke fara cewa a mayar baya, ba ta ga kanta sosai ba. Akwai wanda kullum kyamara ba ta samunsa sai da ƙashi a baki. Akwai 'yan Tecno da Itel, waɗanda ko addu'a ake da tafi ɗaya suke amin, ɗayan na sama da salula. Yara kuwa ba a maganarsu, Allah ne kaɗai ke iya fitar da su daga hoto.

Abin dariyar, muna nan muna hayar kujerun alfarma da labulen leshi don mu yi kama da Kano, su kuma 'yan Kano suna ware rana guda a bukinsu su ɗaura zane iya gwiwa, su ɗauki ƙwarya, su ɗiga baƙin kwalli a kumatu, wai ranar ƙauyawa. Har sai da hukumar tace fina-finai ta jihar ta hana abin a 2025. Da sun yi magana da mun ba su aron kayan gaske, da jaki a kai kyauta.

Wanda ya fi kowa kallon bidiyon da idon basira shi ne angon da bai halarta ba. Yana Libiya ko Aljeriya wajen nema, ya aiko da kuɗi, an ɗaura da wakili, mai bidiyo ya yanko hotonsa na bara ya manna kusa da amarya, inuwarsa na gabas tata na yamma. Ta WhatsApp ake tura masa gutsure-gutsure. Shi ba furanni yake kallo ba. Can cikin dare sai ga saƙon murya ya shigo wayar wansa: "Yaya, na ga buki ya yi kyau, Allah ya saka. Amma kuɗin kujera ɗari na aiko, tabarmi nake gani."

Bayan kwana biyu kuma majalisar tantancewa ta zauna, matan unguwa a tsakar gida, kai biyar kan waya ɗaya. Su ba sa bari bidiyo ya tafi yadda aka tsara shi. A tsayar, a buɗe da yatsa biyu, a duba ko leshin uwar ango na gaske ne, a gane sarƙar da aka aro daga gidan wance, a ƙirga jeren kwanonin da ke bayan amarya. Su ne suka gano mutumin nan mai shuɗiyar hula, wanda ya rungumi ango, ya zauna a sahun gaba, ya karɓi faranti biyu, har ya share hawaye wajen nasiha.

"Kawun amarya ne ai."

"Ina! Mu mun ɗauka naku ne."

Wata ta karɓi wayar ta ƙura ido. "Ku tsaya. Wannan ba shi ne a bidiyon bukin Kance ba, har yana raba goro?"