Masu Bin Bashi, Ku Daina Hararata

Tun ban yi nisa ba na san wasu sun fara taɓe baki. A Amurka akwai kotun da mutum zai je da ƙafarsa ya ce bashi ya fi ƙarfinsa, a bincika, bayan wata huɗu zuwa shida a ce masa ya tafi an sauke masa. Ga Alhaji mai kanti can yana gyara zaman hula yana cewa, "Shi ke nan, an ba masu taurin bashi lasisi." Hajiya uwar adashi kuwa har ta fara lissafa waɗanda za su kwana a ƙofar kotun in abin ya iso unguwarsu. Ku sassauta, ranku ya daɗe, ba a kai ga kuɗinku ba tukuna.

Dokar karayar arziki da Amurka ke aiki da ita ta 1978 ce, kuma ƙofa biyu ta buɗe wa talaka. A Babi na 7, kotu kan naɗa wakili ya tattara abin da mutum ya mallaka, ya bar masa suturarsa, kayan ɗakinsa da kayan sana'arsa gwargwadon abin da dokar jiharsa ta yarda, ya sayar da saura ya raba wa masu bin bashi. Abin da bai biyu ba, a yafe. Babi na 13 kuma na mai albashi ne: a yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata na shekara uku zuwa biyar, gidansa na hannunsa.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ranar farko. Da zarar an shigar da takarda, doka ta ɗaure hannun kowa. Kiran waya ya tsaya, wasiƙun barazana su tsaya, yankar albashi ta tsaya, mai shirin yin gwanjon gida ya dakata. Mutumin da ya yi shekara yana kife waya in ya ga wata lamba, ranar zai yi barci har da minshari. Ku da kuke dariya, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai mai karanta wannan da ya sauya hanyar zuwa masallaci saboda mai shago ɗaya, ban dai kama suna ba.

Na ji ka, Alhaji. Ka ce mutum zai mai da gida sunan uwargida, ya kai mota gidan ƙaninsa, sannan ya shigo kotu da silifas ɗan maɗina. Kana zaton kai kaɗai ka san wannan dabarar? Sai ya rubuta komai, har asusun da ya manta da shi, ya zauna gaban wakilin kotu ya yi rantsuwa, masu binsa bashi kuma suna da damar halarta su yi masa tambayoyi. In ya yi sauri ya biya surukinsa ya bar sauran cikin shekara guda kafin ya shigo, wakili na iya zuwa ya karɓo kuɗin a raba da kowa. Ɓoye dukiya kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari har shekara biyar. Ingila ma ba ta wasa da wannan. Boris Becker, zakaran wasan tanis ɗin nan na Jamus, kotun Landan ta ayyana karayar arzikinsa a 2017, ya ɓoye wasu kadarori, a 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Kofunansa ba su cece shi ba.

Kuma abin ba kyauta ba ne. Kuɗin shigar da Babi na 7 kaɗai dala 338 ne, ban da na lauya, wato ko tsiyacewa sai da jari. Tabon zai zauna a tarihin bashin mutum shekara goma, mai ba da haya da banki duk suna gani. Kuɗin ciyar da 'ya'ya ba ya faɗuwa, yawancin haraji haka, bashin karatu kuwa sai an sha wuya. Wanda aka yafe wa ba zai sake samun irin wannan yafiya ba sai bayan shekara takwas, kuma tun 2005 ana auna samun mutum kafin a bar shi ya shiga ƙofar farko.

Malam ma na gan ka, ka ɗaga carbi za ka ce aikin Nasara ne. Allah gafarta Malam, ai a zaurenka muka ji babin taflisi. Fiƙihun Malikiyya ya san alƙali ya hana muflisi taɓa dukiyarsa, ya sayar ya raba wa masu bin bashi kowa gwargwadon abin da yake bi, a bar masa sutura da abinci. Risala ta nuna ba a tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma masu bashi suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. Inda ka ci gari shi ne ragowar bashin: a wurinmu yana nan a wuyan mutum har ya samu ko a yafe masa. Kotun Amurka hana bi kawai take yi, ba ta hana biya ba. Marubucin nan Mark Twain, da kamfaninsa na ɗab'i ya karye a 1894, zagaya duniya ya yi yana lacca har ya biya kowa.

Mu kuma da me muke taƙama? Najeriya na da dokar karayar arziki tun 1979, tana kwance tana shan ƙura. Abin da muka iya shi ne a kira ɗan sanda, alhali dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum kan bashi zalla, ko kuma manhajar ba da rance ta tura wa surukarka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Ingila ta gwada kulle masu bashi, har mahaifin marubucin nan Charles Dickens ta tsare a 1824, a 1869 ta haƙura ta rage abin, don wanda ke kulle ba ya neman kuɗi. Wanda aka tozarta ya sauya layi ya gudu Legas, Alhaji, ko sisi nawa ka karɓo a wurinsa? Da an raba ɗan abin da ya rage masa a gaban alƙali, da ka tsira da wani abu.

Ku kuma da kuka yi shiru kuna murna a ƙarshen layi, masu bashin da kuka fara tambayar ina kotun take, ku dakata. Tsarin mulkin 1999 ya hana wanda aka ayyana karayar arzikinsa, ba a kuma sallame shi ba, tsayawa takarar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa. Duk mai shirin buga fosta, ya je ya biya mai shago.