Yadda Za Ka Ƙulla Zumunci da Hankaka a Ƙasar Dawakin Kudu

Kafin ka nemi yardar hankaka, fara neman ta uwargida. Ita ta san yawan 'yan tsakin da suka ɓace a tsakar gida, ita kuma aka ɗauke wa sabulu a bakin rijiya da rana tsaka. Duk ranar da za ka sanar da ita cewa hankaka ya zama baƙonka, ka tabbata ka riga ka gyara akurki ka sa masa murfi, ka kuma samo babban kwando da za a riƙa kife 'yan tsaki har su yi wayo. Idan ka yi haka, magana za ta zo da sauƙi.

Batun inda za ka same shi kuwa, mu nan mun yi dace. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka janyo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, ƙasar nan ba ta rabuwa da ɗanyen ganye rani da damina, kuma inda ci da sha suke nan hankaka yake yada zango. Yana bayan mahauta, yana kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan yana duba kwandunan da aka zubar, yana gaɓar kogi a Tamburawa. Ba sai ka je nemansa ba. Ya daɗe da saninka, ya san lokacin da kake fita gona da inda kake rataye ƙunshin abincinka.

Ka tsaya ka dube shi da kyau ko sau ɗaya. Baƙinsa yana ƙyalli a rana kamar rawani ɗan Kura da aka ɗauko daga wurin bugu, ga farin ƙirji da ya zagayo har bayan wuya. In ya sauka ƙasa takawa yake yi ɗaya-ɗaya, yana karkata kai yana auna kowa da ido guda. Mai irin wannan shiga ba a yi masa kiran kaji. Kada ka ce masa kur-kur, kada ka miƙa masa hannu, kada kuma ka zuba masa ido kai tsaye, domin a wurinsa mai ƙura ido maharbi ne. Ka ajiye abin da ka kawo a kan katanga ko rufin rumbu, ka ja da baya, ka kama wani aiki kamar ba ruwanka. Zai yi kwanaki yana kallo daga nesa. Ka yi haƙuri, bincike yake yi a kanka, kuma yana da hujja.

Abincin baƙo ba wuya. Gyaɗa mai ɓawo, marar gishiri, ita ce gaba da komai, don har daɗin fasa ta yake ji: zai take ta da ƙafa, ya sare ta da baki, ya zare ƙwayar. Ƙanzo, sauran tuwo, kan kifi, guntun nama daga wurin mahauci, duk yana so. Tafin hannu guda ya isa, kada ka cika, in ba haka ba gobe zai zo da dangi, jibi da surukai, maƙwabta kuma su kai ƙararka wurin mai unguwa. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kullum. Da hantsi ya fi. In ka saba masa da ƙarfe takwas ka makara, zai sanar da kai daga kan bishiya da muryar da duk unguwa za ta ji.

Abin da ya fi gyaɗa daraja a bazara shi ne ruwa. Ka samu tsohon kasko ka cika, ka riƙa wanke shi kana sake ruwan kullum don kada sauro ya yi gida. Za ka ga abin mamaki: hankaka zai ɗauko busasshen ƙanzo ya tsoma a ciki, ya jira ya yi laushi, sannan ya ci.

Yanzu ka tara yaran gida ka karɓe danƙon kowa. Wannan ba wasa ba ne, hankaka ba ya mantuwa. A 2006 wani masani mai suna John Marzluff da ɗalibansa a jami'ar Washington ta Amurka suka sa wata fuskar roba suka kama hankaki bakwai, suka sa musu alama suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya ratsa harabar jami'ar da wannan fuskar sai hankaki sun bi shi da ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, har da waɗanda ba a ƙyanƙyashe su ba a lokacin. Hankakin can dangin namu ne. Dutse ɗaya da ɗanka zai jefa ya isa ya ɓata sunan gidanku wurin 'ya'ya da jikoki.

Idan zumunci ya yi ƙarfi, akwai hakkin aboki da ke kanka: ka wanke shi a majalisa. Mun tashi muna jin kirarinsa, hankaka mai da ɗan wani naka, ana cewa ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu yake sacewa. Hankaka yana ƙwai sarai. Sheƙarsa ce take can ƙololuwar giginya ko rimi, ko kan ƙarfen sabis, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ɗan wani da ake gani a wurinsa kuwa, akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar jela, mai ɗigo-ɗigon fari a fiffike, da ke lallaɓowa ya saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya yi tafiyarsa. Hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da ɗan tare da nasa. Riƙo aka bar masa, ya kuma riƙe amana. In wani ya ja da kai, tuna masa cewa a Suratul Ma'ida hankaka ne aka aiko ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa.

Ba zan ce maka waliyyi ne ba. Yana tone masara da gyaɗa in an shuka, yana shan ƙwai in ya samu sake. Saboda haka wurin ciyarwa ya yi nisa da gonar maƙwabci, kuma makon shuka ka tsaya a gonarka da kanka, don mutum-mutumi kwana kaɗan yake yi kafin hankaka ya gane shi ya hau kansa ya huta. Amma mai cinye shinkafa a Kura jan-baki ne, mai ƙone tumatir kuma tsutsar sharon ce, wadda ta durƙusar da manoman Kadawa a 2016. Hankaka fara yake ci, da gwazarma, da ɓera, ya kori shirwa daga unguwa, ya kwashe mushe. Wannan aiki na ƙarshe dā na ungulu ne, ga shi yau sai ka zagaya mahauta da yawa ba ka ga ko ɗaya ba, tun 2015 ma aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Don haka, 'yan'uwa manoma, ina roƙonku da girman Allah: kada a barbaɗa guba a hatsi ko a mushe don ɓera ko tsuntsu, domin a cikin hankaka da ungulu za ta ƙare. Ɓeran da ya ci guba a tona rami a binne shi, robar maganin feshi kuma kada a jefa ta a kanal ko a bar ta a bakin gona.