Jarumin Nesa

Ni matsoraci ne, kuma 'yan siyasa sun daɗe da gano lagona. Da an ce "baƙin haure" sai gabana ya faɗi.

In dai maganar ƙasar wasu ce, ba wanda ya kai ni baki. A 2016, da Nigel Farage ya tsaya gaban hoton dogon layin 'yan gudun hijira yana razana mutanen Birtaniya su fice daga Tarayyar Turai, na yi ta ɓaɓatu a majalisarmu har aka ce in sassauta murya. Katangar Trump ta iyakar Meziko ma na yi mata kaca-kaca, ina kishingiɗe a tabarma.

Amma bari zaɓe ya matso a gida, wani ya turo saƙon murya a WhatsApp, wai an ga tireloli maƙare da baƙi sun tsallako ta Jibiya za su dangwala ƙuri'a. Kafin mai maganar ya kai aya na watsa shi ko'ina. Daga nan sai in fara yi wa mai shayin unguwarmu kallon hadarin kaji, mutumin Maraɗi, wanda har yau yana bi na kuɗin ƙwai.

Da rashin sani ne da da sauƙi. Na san a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, Yarbawa da Hausawan zango suka ɗaure kaya, har da waɗanda a can aka yanke musu cibi. Na san a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irinta: kuɗin mai ya karye, zaɓe na tafe a Agusta, kuma ba a manta da tarzomar Maitatsine ta 1980 a Kano ba, wadda jagoranta mutumin Marwa ne ta Kamaru. Aka kori mutum sama da miliyan, galibi 'yan Ghana. Tafiyarsu ba ta ɗaga farashin mai ba, kuma kafin shekarar ta fita sojoji suka kifar da gwamnatin. Duk wannan ina iya zayyana shi ba gargada, amma saƙon murya na minti ɗaya ya ishe ni in manta.

Rannan uwargida ta ji ina ta cewa a tsaurara iyaka, ta leƙo daga madafa.

"Malam, in an zo kwashe baƙi, jakar wa zan fara shiryawa? Kakarka ba daga Damagaram aka kawo ta ba?"

Na gyara hula na ce ai wannan daban ne.