Sannunku da Aiki, Masu Tsara Mana Damina a Takarda

Mutanen Aboabo ba su iya godiya ba, kuma ya kamata a samu mai faɗa musu gaskiya. Da an yi ruwan awa biyu rafin Pelele ya cika ya tumbatsa, sai unguwa ta ɗauki guna-guni: ina gwamnati, ina asambule, ina waɗanda muka zaɓa? Haba jama'a! Don ruwa ya shiga ɗakin mutum ya jiƙa masa katifa da buhun gari, shi ke nan sai ya manta cewa akwai bayin Allah da suka hana idonsu barci suna rubuta masa shiri. Su zan yaba yau, tunda na ga babu mai niyyar yabonsu.

Ranku ya daɗe, a fagen takarda dai Ghana ba ta da na biyu. Tun 2012 muka mallaki dabarun ƙasa na jure wa sauyin yanayi. Shekara na zagayowa, a 2013, aka ƙara mana da cikakkiyar manufar ƙasa a kan lamarin. Hukumar tsara ci gaban ƙasa da ke Accra, NDPC, ta ɗora wa kowace majalisar gunduma, wato asambule, su 261, rubuta shirin raya yankinta na shekara huɗu-huɗu, kuma ta ce a saka batun yanayi a ciki. An kuwa saka. Majalisarmu ta Asokore Mampong, wadda aka yanko daga Kumasi a 2012, ita ma ba a bar ta a baya ba wajen bin wannan umarni. Shirin 2018 zuwa 2021 ya zo ya wuce lafiya, na 2022 zuwa 2025 ya bi sahunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk ruwan da aka tafka a shekarun nan, ban ji an ce shafi ɗaya na waɗannan kundaye ya jiƙe ba. Idan ana neman abin da ya jure wa sauyin yanayi a ƙasar nan, to ga shi nan a cikin kabad.

Kada kuma a ɗauka rubutun nan da sauƙi yake zuwa. Sai an yi taron bita. Sai jami'i ya bar iyalinsa ya tare a otal, ya zauna ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki har yatsunsa su ƙage, yana sauraron bayani a kan yadda zafi ke ƙaruwa a doron ƙasa. A gabansa ga gorar ruwa, ga biro, ga jaka mai tambarin masu ba da tallafi. A raba su rukuni-rukuni, a manna manyan takardu a bango, kowane rukuni ya zana matsalolin manomi da jan alƙalami, a tafa. Da la'asar a yi layi a sa hannu a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto a bakin ƙofa. Shi manomin da ake magana a kansa ba a cika wahalar da shi da gayyata ba, kuma wannan tausayi ne: lokacin noma ne, in ya zo wa zai yi masa shema? Balle ma ba ya jin Turancin da ake tattauna yunwarsa da shi.

Sai batun kuɗin aiki. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a asusu na bai-ɗaya. Masu ƙorafi na cewa kuɗin kan makara, wani lokaci kason wannan wata uku sai an shiga wata shekarar. To mene ne aibin? Haƙuri ibada ne, kuma ga gwamnati na koyar da shi kyauta. Damina ce kawai ta ƙi koyo, take zuwa ba tare da ta tambayi ma'aikatar kuɗi ba.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Aboabo da gonar Walewale ko ta Bawku? Ya je tashar Aboabo da asuba ya tsaya. Motocin arewa nan suke sauke kaya da mutane. Masarar kokonmu, waken da ke cikin waakye, gero, doya, ragon layya, yawancinsu daga sama suke gangarowa, ko ta Techiman ko ta Ejura. Kakanninmu goro ya kawo su Asante, mu kuwa cikinmu har yau a arewa yake kwana. Duk abin da aka tsara wa manomin can, mu ake aunawa a kwano. Don haka dole yabona ya hau mota ya nufi can.

Can ɗin kuwa an yi musu gata, jam'iyyar laima da ta giwa kowacce ta taka rawarta, kada wani ya ce na yi son kai. A zamanin laima aka kafa hukumar SADA a 2010 domin a tayar da yankin savana daga barci. Aka zuba miliyoyin sidi a dashen itatuwa da kiwon zabi. Itatuwan da yawa suka bushe, wasu wutar daji ta lashe. Zabin kuwa aka neme su aka rasa, har mutane suka riƙa ba'a cewa sun tashi sun tafi Burkina Faso. Ni ban ga abin dariya ba. Tsuntsun da ya lura rani ya yi tsanani ya yi ƙaura da kansa, ai shi ne ɗalibin farko da ya ci jarrabawar jure wa yanayi.

Da giwa ta karɓa a 2017, sai ta zo da babbar bushara: kowane ƙauye da madatsar ruwansa, domin a yi noman rani. Aka haƙa ɗaruruwa. Da damina suna cika maƙil, wasu ma har bakinsu ya ɓalle ruwan ya bi gonaki. Da rani ya tsaya sai da yawansu su ƙafe ƙaf, ƙasan ta tsattsage. Masu baƙin ciki suka ce ai da rani ake buƙatarsu. Su dai ba su san ladabi ba ne. Madatsar da ke ba ka ruwa lokacin da sama ke ba ka, ta kuma janye lokacin da sama ta janye, ai madatsa ce mai biyayya ga hukuncin Ubangiji. Ita kanta ministar da ke kula da aikin a lokacin, Mavis Hawa Koomson, ta fito ta nuna cewa sidi 250,000 da aka ware wa kowace ɗaya ba zai gina madatsar kirki ba. Ka ji shugabanci na gaskiya: a san abu ba zai yi ba, a kuma daure a yi shi sau ɗaruruwa.

Gagarabadau dai ita ce madatsar Pwalugu. Duk shekara, wajen Agusta ko Satumba, maƙwabtanmu na Burkina sukan buɗe madatsar Bagre idan ta cika, ruwan ya biyo Farin Volta ya shafe gonakin da ke gaɓa. Sai aka ce za a tare shi a Pwalugu, a samu wutar lantarki, a shayar da kadada 25,000. A Nuwamba 2019 Shugaba Akufo-Addo ya je ya sara ƙasa, aikin dala miliyan 993. Daga baya aka ji cewa an biya kusan dala miliyan 12, madatsa kuwa ko ƙyallinta. Ku duba hikimar da ke ciki. Madatsar da ba a gina ba ba ta taɓa fashewa, ba ta tayar da ƙauye ko ɗaya, ba ta cin kuɗin gyara. Manoman gaɓar kogi kuma ba a bar su haka ba: hukumar agajin gaggawa, NADMO, takan yi musu sanarwa a kan lokaci cewa su girbe amfaninsu su hau tudu. Masarar da ba ta nuna ba, wannan kuma tsakaninta da mai ita.

A 2024 sama ta ɗauke a tsakiyar damina, makonni babu ɗigo, yankuna 8 suka shiga uku, masara ta ƙone a tsaye. Nan ma ba a yi ƙasa a gwiwa ba. Kafin Agusta ya ƙare an hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje, an kuma yi shelar shirin sidi biliyan 8. Shekara 12 ke nan da rubuta dabarun jure wa fari, amma da farin ya zo sai ya tarar da mu cikin mamaki sabo fil, kamar yau muka fara jin sunansa. Riƙe mamaki tsawon wannan lokaci ba ƙaramar baiwa ba ce.

Yanzu ga inda tsarin ya nuna cikarsa. Saurayin da gonarsa ta ƙone, da yarinyar da rumbun gidansu ya ƙare tun kafin kaka, sukan hau motar dare su sauka Kumasi. Ita ta ɗauki kwano ta shiga kayayo a Kejetia da Adum, tana dakon kayan da ya fi ta nauyi. Shi ya nufi Dagomba Line ya shiga sana'ar gwangwan, yana fasa tsohon firji da guduma. Ina za su kwana? Inda haya ta fi araha, wato ɗakin katako a bakin rafi. Ran da aka yi ruwan dare, ruwan da suka yi ta roƙo a gona bai zo ba, sai ga shi ya biyo su har kan tabarma, ba su biya ko pesewa ba. A nuna mini wata ƙasa da ta iya sada mabuƙaci da buƙatarsa haka.

Zai zama rashin adalci in yabi na sama in manta da mu kanmu, domin wannan nasara da hannunmu a ciki. Tsaya a kan gada ka leƙa kogin Aboabo da rana tsaka. Ruwan baƙi ƙirin, da kyar yake motsi. Ledar fiya-wata ta yi masa rufi, ga robar abinci, ga tsohon takalmi, ga yagaggen gidan sauro ya naɗe a jikin ƙarfe, akuya na tsallakawa a kan tarin ba tare da ƙafarta ta nutse ba. Wa ya kawo su? Mu ne, da hadari ya haɗo a ce wa yaro, maza ɗauki bolar nan ka juye a gota kafin ruwa ya sauko. Sannu da dabara, Hajiya, kin huta da kuɗin mai aboboyar kwasar shara. Sannu Alhaji, da ka sayi fili a kan hanyar ruwa ka dasa bene, sannu wanda ya sayar, sannu wanda ya buga hatimi. Ranar Juma'a kuma mu cika masallaci mu ji huɗuba a kan tsafta, mu gyaɗa kai.

Kogin nan bai tsaya nan ba. Yana gangarawa ta Anloga ya haɗu da Sisa, su zube a Oda. A can ƙasa akwai masu lambu da ke shayar da latas da kabeji da albasa mai ganye da ruwan rafukan birnin. Ga noman rani ba tare da an sara ƙasa ba, ruwa da takinsa a haɗe. Ganyen ya dawo kasuwa, a yanka shi a kan waakye, mu saya mu ce a ƙara salak. Abin da muka aika da daddare ya dawo mana da safe. Masana a otal suna ta neman yadda za a haɗa birni da karkara a shiri guda, ashe mu mun gama haɗawa.

Bayan kowace ambaliya kuma akwai biki. Manya su zo da dogayen takalman roba sababbi, masu kyamara na biye. A jajanta, a raba katifa da bokiti da ɗan buhun shinkafa. Wani lokaci a kawo motar haƙa ta kwashe laka da shara daga cikin rafi ta jibge a bakinsa, domin ruwa na gaba ya mayar da su, baɗi a sake ba da kwangila. Aikin da ba ya ƙarewa ai shi ne maganin zaman banza. An ma taɓa yi mana ma'aikata sukutum ta raya zango a 2017, ta yi shekara huɗu aka naɗe ta. Cikin abin da aka fi tunawa da ita akwai filayen ƙwallo masu ciyawar roba da aka shimfiɗa a wasu garuruwa. Ciyawar da ba ruwanta da fari, ba ruwanta da damina. Da manoman Bawku za su gane su koma shuka irinta, da an huta.

Akwai dai 'yan tsurku da ba sa rabo da surutu. Wai a kai wa manomi iri mai saurin nuna kafin ruwan farko. Wai hasashen hukumar yanayi a riƙa karanta shi a rediyo da Dagbani da Kusaal da Hausa, a faɗa wa mutum yaushe zai yi shuka. Wai gara madatsa goma masu zurfi da mafitar ruwa da ɗari marasa zurfi. Wai a ɗaure bakin Pelele da kankare har ƙasa, a ajiye manyan kwantenonin shara a riƙa kwashewa, a hana gini a hanyar ruwa ko na wane ne. Wai duk layin da aka rubuta a shiri a rubuta kuɗinsa da ranar gamawa a gefensa, a liƙa a ƙofar asambule. Ku ji fa! Waɗannan ayyuka ne marasa armashi, babu kiɗa, babu rumfa, wasunsu ma sai sun ɓata wa mai ƙuri'a rai.

Saboda haka, 'yan'uwana na Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line, ga roƙona. Doka ta ce kafin majalisa ta amince da shirinta sai ta saurari jama'a a bainar kowa, kuma shirin na kowa ne, har da na 2026 zuwa 2029. Don Allah kada ku je. Kada ku tare asambuliman bayan sallar Magariba ku ce ya nuna muku shafin da aka rubuta Pelele, da nawa aka ware mata, da wanda ya karɓi aikin. Irin waɗannan tambayoyi suna sa manya hawan jini, mu kuwa muna buƙatarsu da lafiyarsu domin taron bita na gaba. Ku dai ƙara bulo biyu a bakin ƙofa, ku ɗora katifa a kan kabad, ku ce an gode.