Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Taliya

Takarda ta fito daga hannun wani talaka mai katin zaɓe, mazaunin wani lungu tsakanin Jakara da Kasuwar Kurmi, zuwa ga Hajiya Taliya 'yar leda, doguwa sambal, mai masauki a Kasuwar Singa. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina nan lafiya cikin kwalinki, danshi bai kama ki ba, ɓera bai yi miki ɓarna ba.

Bayan haka, ranki ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga alamun zuwanki. Sojojin baka sun fara wasa wuƙa a gidajen rediyo da daddare. Fastoci sun fara hawa katangu daga Ƙofar Mata har Mandawari. Shekaranjiya wani bawan Allah da rabonmu da shi tun zaɓen da ya wuce ya zo mana gaisuwar rasuwa da jerin motoci, ya zauna a tabarma har da tanƙwashe ƙafa, yana tambayar lafiyar tsofaffin da suka daɗe da komawa ga Mahaliccinsu. Mu a cikin gari ba ma jiran hukumar zaɓe ta fitar da jadawali. Da mun ga haka mun san saura ke.

To kafin ki iso, akwai tsohuwar magana tsakanina da ke.

Kin tuna daren Juma'a, 24 ga Fabrairun 2023, jajiberin zaɓen shugaban ƙasa? Lokacin ne Babban Banki ya sauya takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, tsofaffin suka zama abin gudu, sababbin kuma sai dai a ga hotonsu a waya. An ce ɗaya daga cikin dalilan shi ne a hana sayen ƙuri'a. Madalla da niyya. Amma wanda aka fara hanawa shi ne mai sayen kayan miya. Ranar nan tun bayan asuba na kafa layi a ƙofar wani banki, ban bar wurin ba sai da aka kira la'asar, na dawo hannu rabbana. Mai POS ɗin bakin titinmu ya ce akwai kuɗi, amma ladan cirewar da ya faɗa sai da na dafa bango. Mai tumatir ya ce shi bai san wata taransifa ba. Aka toshe ƙofar kuɗi, sai ga ki kin shigo ta taga, ke da ƙawayenki su sabulu da omo da magi, da babbar yayarku atamfa daga Kantin Kwari, wadda ita ba kowa take gaisarwa ba sai shugabannin mata.

Lungunmu mota ba ta shiga, ko adaidaita sahu sai dai ta tsaya a bakin kwalbati. A baro aka turo ki bayan sallar isha'i, an lulluɓe ki da tsohon zani kamar amaryar da ake sacewa. Wata makwabciya ce ke gaba da fitilar waya da ɗan littafi, tana shiga gida-gida, a nuna mata katin zaɓe, ta rubuta suna, ta miƙa baƙar leda, ta ce, “Don Allah gobe kar a ba mu kunya.” Ba ta fi rabin awa da wucewa ba sai ga wani baron ta ɗaya bakin lungun, na ɗaya ɓangaren.

Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba. Ina dandali muna majalisa, kuma ranar ni na riƙe zance. Ba abin da ban faɗa a kanki ba. Na ce mata sun kashe ƙasa, na ce duk wadda ta sayar da 'yancinta a kan taliya ba ta da bakin kuka nan da shekara huɗu. Har tafi aka yi mini. Na shigo gida wajen goma da rabi, cikina kamar an yi yasa, uwargida ta ajiye mini kwano. Na buɗe, sai ga ki kina tururi, an zuba miki manja da yaji, an yanka albasa a kai. Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, sai da na suɗe kwanon na kora da ruwan randa sannan hankalina ya dawo, na tuna cewa da safe ko sisi ban bari na cefane ba.

Na ce, “Wannan fa daga ina?”

Ta ce, “Baƙi aka yi, Malam.”

Na ce, “Na wane ɓangare?”

Ta ce, “Duka biyun. Tukunya ɗaya na haɗa su, kuma ban ji sun yi faɗa ba.”

Na buɗe baki zan kawo zancen kowa ya ci ladan kuturu, sai ta riga ni, ta ce ai ita ɗanɗana gishiri kawai ta yi, wanda ya cinye shi aski ya hau kansa. Washegari ta saka hijabi ta tafi rumfar zaɓe, na'ura ta tantance ta, ta dangwala. Har yau ban san wa ta zaɓa ba. In na tambaya sai ta ce tsakaninta da Ubangijinta ne.

Leda ɗaya ta rage, kuma da yake an hana zirga-zirga ranar zaɓe, sai na zauna a soro na farke ta na ƙirga ki sili-sili. Kin kai ɗari biyar da 'yan kai. Wa'adin shugaban ƙasa shekara huɗu ne, kwana 1,461 ke nan. Na raba, sai na ga kusan sili ɗaya ne duk kwana uku, ga mutum ɗaya, ban da 'ya'ya, ban da baƙo, ban da almajirin da zai tsaya a ƙofa. Wannan shi ne albashin da aka yanka mana.

Kuma ko shi ɗin bai tsaya a haka ba. Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabon shugaba, a wurin ya ce tallafin man fetur ya tafi. Bayan 'yan makonni aka saki naira ta nemi matsayinta a gaban dala. Sai a lokacin na san asalinki. Ashe ke 'yar alkama ce, kuma yawancin alkamar da ake sarrafa ki da ita a jirgin ruwa take zuwa, da dala ake biya, ta sauka Legas, a ɗoro ki a tirela har Kano. Ta Kadawa da Kura ba ta isa ko'ina ba. Dala ta hau kin hau, kuɗin mota ya hau kin hau. Ba a yi nisa ba kuɗinki ya ninka. Ke da kika shigo gidanmu kyauta da daddare kina sunkuyar da kai, sai ga shi na tsaya a gaban mai kanti ina taya ki, kina kallona daga saman kanta kamar ba ki taɓa ganina ba.

Ki dubi 'yar uwarki mana, taliyar Hausa 'yar murji. Shekara da shekaru matan cikin gari ke murza ta a inji, su shanya a igiya a tsakar gida, a dafa a sayar wa 'yan makaranta da mai da yaji. Ta aurar da 'ya'ya, ta biya kuɗin Islamiyya. Ban taɓa jin ta shiga jam'iyya ba.

Marigayi mahaifinmu ɗan Sawaba ne na gidi. Yana saurayi aka kafa NEPU a nan Kano a 1950, kuma har ya rasu katinsa na jam'iyya na cikin wata tsohuwar adaka tare da takardar gida. Da kuɗinsa ya yanke shi, daga abin da yake samu a ɗinkin hula. Su a lokacinsu mabiyi ke ba jam'iyya, ladan da ke biyo baya kuma sau da yawa ɗauri ne ko bulala. A 1979 da Malam Aminu Kano ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP mai alamar mabuɗi, Baba da ƙafa yake takawa har Gwammaja don kawai ya ji abin da Malam zai ce, ya dawo ya ci tuwon gidansa. Innarmu kuwa a zaɓen nan ta fara jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, domin kafin shekarun nan matan Arewa ba su da wannan dama. Yanzu jikokinta ake bi da baro. In na tuna haka sai in ji kwanon nan na daren Juma'a ya tsaya mini a wuya.

Amma tsakani da Allah, Hajiya, na yi nazari na ga an ɗora miki laifin da ya fi ƙarfin kwalinki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin duk alkawuran da aka yi wa lungunmu, daga ruwan famfo zuwa gyaran kwata, ke kaɗai ce kika zo a ranar da aka ce za ki zo. Sannan masu zagin matan da suka karɓe ki, har da ni, ba mu cika ɗaga murya a kan manyan 'yan uwanki ba. Daliget ɗin da aka yi ta raɗe-raɗin sun kwaso daloli a zaɓen fid da gwani na 2022, me suka karɓa in ba taliya ba? Mai jiran kwangila, da mai jiran kujerar Makka, da wanda ya kwana a jam'iyya ɗaya ya wayi gari a wata da sabuwar hula, duk taliya ce, tasu dai ba ta shiga tukunya. Bazawarar da ke da marayu biyar ta karɓi leda biyu ita ce ta zama abin zance a rediyo.

Wani abin kuma, kar ranki ya ɓaci, anya ma kina yi wa iyayen gidanki aikin da suka aiko ki? Kano ce fa. A 1993 Bashir Tofa ɗan gari ne, amma Abiola ya kayar da shi a jiharsa. A 2023 mutum kusan miliyan shida ne ke da rajista a jihar nan, waɗanda suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su kai miliyan biyu ba. Kwankwaso ya samu dubu 997 da ɗoriya, Tinubu dubu 517, Atiku dubu 131, Obi dubu 28. In kin tara su duka ba su kamo abin da Buhari shi kaɗai ya samu a nan a 2015 ba, miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Sauran fiye da miliyan huɗu suna ina? Na san da yawansu. An kai ki gidajensu, sun dafa ki, sun ci, sun ja ƙofa sun yi barcin rana.

Saboda haka ga roƙona. Na san ba a hana ki zuwa, ko dokar zaɓe ta 2022 da ta yi tanadin tara da ɗauri a kanki ba ta tare baron nan ba. In da hali ki riƙa leƙo mu a watannin da ba kowa ke tuna mu ba, kamar tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke tsada, ruwa ke cika kwatar Jakara ya shigo mana ɗaki. Ranar nan ba mai neman katin kowa, sai mu san zumunci ne ya kawo ki.

Na karanta wa uwargida wannan takarda kafin in rufe. Ta ce duk ta ji, amma in ƙara miki saƙo ɗaya: wancan karon gayanki kika zo, manjan da na ci bashi ta karɓo a maƙwabta, kuma sai bayan zaɓen gwamna ta iya biya. In za ki dawo, ki taho da mai.

Wassalam. Naki mai ƙaunarki da yaji,
Wani mai katin zaɓe, cikin birnin Kano.