Kwamanda Ya Gama Horar da Kai, Bazazzagi

Bawana na Narayi, ga gaisuwar ubangida daga Kano, tsuguna ka karɓa. Labari ya iso mana cewa kana cigiyar mai horar da kare, wai Kwamanda ya gagare ka. Na ce da mai kawo labarin a daina wahalar da kai da cigiya, ai an riga an gama horo a gidan nan. In Kwamanda ya yi haushi, ka fito da gudu ba hula. In ya kafe ka da ido kana cin tuwo, ka tsame nama ka jefa masa. In ya yi kuka da tsakar dare, ka tashi da fitila ka kwance shi kana ba shi haƙuri. Akwai ɗalibi mai hazaƙa a gidanka, amma ba mai jelar ba ne.

Ban ga laifinka ba da ka ajiye kare, kada ka fara kumbura. Malamanmu na Malikiyya suna ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da aka karantar da kai kana gyangyaɗi, cewa da katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. To wanda ya san yadda mutanen kudancin kogin Kaduna suke kwana da kunne ɗaya, daga Narayi zuwa Sabon Tasha har Unguwar Boro, ba zai tambaye ka dalili ba. Abin da nake tambaya shi ne wa ya ce maka sayen kare da ɗaure shi a gindin mangwaro shi ne ƙarshen aiki.

Wai Alsashiyan ne tsantsa, jinin Jamus, mai sayarwa har da rantsuwa. Kunnuwan da aka ce za su miƙe in ya yi wata shida har yau suna kwance abinsu. Ni dai Bingon unguwa na gani, wanda mai yiwuwa kakansa ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan wani Bature a Barnawa. Kuma ka gode wa Allah. Karen gida ya fi manyan karnukan waje masu jibgin gashi jure zafin watan Maris, ba ya kuma neman abincin gwangwani, wanda na san ko da kuɗin a aljihunka ba za ka saya ba.

Mu fara da takalminka na zuwa ɗaurin aure, tunda shi ya fi ci maka rai. Hausawa sun gama magana tuntuni: in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ka gan shi yana shinshina da safe, ka tsallake ka tafi. Da yamma ka dawo ka tarar da rabi, ka ɗauko dorina. To me ka koya masa? Kare yana haɗa abin da ya same shi ne da abin da yake yi a daidai wannan lokacin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da yake yi lokacin da dorina ta sauka kuwa shi ne tarbar ka a bakin ƙofa. Darasin da ya ɗauka ke nan: dawowar maigida masifa ce. Uwargida ma ta daɗe da wannan ra'ayin, amma ita ba ta faɗa.

Na san amsarka: ai ya san ya yi laifi, ka ga yadda ya sunkuyar da kai yana kallon ka ta gefen ido. A 2009 wata mai bincike a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan magana. Aka hana karnuka cin wani abu, masu su suka fita, aka dawo aka gaya wa wasu cewa karensu ya ci alhali bai ci ba. Karnukan da aka yi wa faɗa sun yi wannan fuskar ta tuba, har da waɗanda ba su taɓa komai ba. Fuskarka Kwamanda yake karantawa, ba laifinsa ba. Kuma a gaskiya duk wanda ya ga fuskarka in ranka ya ɓaci zai tuba ko bai yi komai ba. Ɗan kwikwiyo yana tauna ne saboda haƙori na fitowa, har wajen wata shida zuwa bakwai. Babba kuma zaman banza ke sa shi. Ka ɗauke takalma daga inda bakinsa zai kai, ka ba shi abin taunawa nasa, igiya mai kauri da aka ƙulla ko babban ƙashi ɗanye. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke shi a ciki. Ban da ragowar miyar da ta sha albasa, albasa tana lalata wa kare jini.

Sai batun harshe, wanda a gidanka ya zama taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Kai kana ba shi umarni da Turancin da ka tsinta a sakatariya. Yara suna ce masa zauna. Uwargida kalma ɗaya ta sani, ita ce tafi can. Maigadi yana yi masa da yarensu. Ga kuma Hausarku ta Zazzau da ba ta raba mace da namiji, ta yadda ko shi Kwamandan ba shi da tabbacin da wa ake. A tara gida a zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu, kowa ya riƙe ta. Ka ɗauki ɗan guntun busasshen kifi, ka ɗaga saman hancinsa ka ja baya kaɗan. Zai bi da kai, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Yana sauka ka ce zauna, ka ba shi nan take, ba sai ka gama amsa waya ba. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci. Na ce guntun kifi na kare ne. Na san halinka.

Wannan ba sihiri ba ne. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904, ya lura cewa karnukansa suna fara dalalar da miyau tun daga ganin mai kawo musu abinci, kafin abincin ya iso baki. Duk abin da yake zuwa gab da daɗi, shi ma sai ya zama daɗi a wurin kare. Kai ma shaida ne, don na ga abin da ƙarar murfin tukunya take yi maka.

Yanzu ga babban laifinka, kuma nan ba na wasa sosai. Wani gwani na bakin titi ya ce maka kada ka bari ya saba da mutane, in ya saba ba zai yi gadi ba. Ka kulle shi a bayan gida tun yana ɗan mitsitsi. Lokacin da kwikwiyo yake koyon wane ne mutum, mene ne babur, mece ce akuya, yana tsakanin sati uku ne zuwa wajen sati goma sha biyu na rayuwarsa, kai kuwa ka sa ya yi wannan lokaci yana kallon bango. Shi ya sa yau yake yi wa mai ruwa haushi, ya yi wa mai karanta mita, ya yi wa ɗan bola-jari, ya yi wa ledar da iska ta ɗauko. Wannan ba jarumta ba ce, tsoro ne, kuma kare matsoraci shi ne mai cizo. Karen da yake haushi a kan komai ba ya gadin komai, don ran da ɓarawo ya zo da gaske maƙwabta juyawa kawai za su yi su ja bargo. Ga sarƙa wuni guda a rana, ga barkonon da aka ce ka zuba masa a abinci wai ya yi zafin rai. Barkono ba ya sa zuciya, zawo yake sawa.

Kuma in yana haushi ka daina leƙowa ta taga kana ihu. A ganinsa ka shigo waƙar ne kana yi masa amshi. Ka jira ya yi shiru ko na numfashi biyu ne, sannan ka yaba masa ka ba shi abu. Ka fitar da shi yawo da sassafe da igiya a wuya, ya shinshini duniya ya gaji. In ya ja ka, ka tsaya cak. Igiya ta yi sako-sako, ku ci gaba. Ranar farko ba za ku wuce kwanar layinku ba, 'yan Keke Napep za su yi ta dariya, amma sun saba yi maka. Tumbin nan ma zai amfana.

In baƙo ya shigo Kwamanda ya daka masa tsalle, kada a ture shi da hannu ana ihu, wasa ke nan a wurinsa. A juya masa baya, a hana shi ido, sai ƙafafunsa huɗu sun taka ƙasa a kula shi. Batun da kake yi kuma na cewa dole ka kayar da shi ƙasa ya san kai ne shugaban garke, shi kansa masanin da ya yaɗa wannan tunani a littafinsa na 1970 kan kyarketai, David Mech, ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken da ke daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Balle kai da ko taron 'yan layi ba a taɓa ba ka shugabanci ba. Disamba kuma na tafe, yaran Narayi za su fara harba nokawut. Ka shigar da shi wuri mai rufi tun da magariba, don a irin wannan dare ne karnuka suke tsinke sarƙa su ɓace.

Abu ɗaya ne ba zan yi maka dariya a kansa ba. Yaushe rabon Kwamanda da allurar haukan kare? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma yara suna da yawa a ciki. In alamunta suka bayyana, sai dai addu'a. Ana fara allurar ne yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ba daga wata uwa duniya ake jiran ta ba: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato, wadda take nan tun 1924, tana yin ta. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, a ba ka kati, a duba masa kaska da tsutsar ciki. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji yaron wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti goma sha biyar, a wuce asibiti a ranar. Ban da tsige gashin karen a ƙona a shafa, na san akwai mai ba ka wannan shawarar a majalisarku.

An ce kuma da ranka ya ɓaci ka yi barazanar kai shi kasuwar Dawaki ta Kanke ranar Alhamis, ka kawo wani sabo mai tsada. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Sabon ma wata biyu zai yi ya gane wane ne yake tashi da fitila da tsakar dare. Ka bar Kwamanda inda yake, shi kaɗai ne a gidan nan yake murna da jin ƙarar tsohuwar motarka.

Ina nan tafe bayan Sallah duba talakawana na kudancin kogi. Zan tsaya a bakin get in ce zauna sau ɗaya, da guntun kilishi a hannuna. Wanda ya riga zama a cikinku shi zai ci, kuma na riga na gaya wa uwargida ta ajiye maka tabarma kusa.